Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Kimiyya Da Adabi A Digirin Malanta

A wannan mako za mu tattauna ne a kan wata magana da ta shafi duk yarinyar da ke da niyyar zama malamar makaranta, da duk uwar da ke da irin wannan 'ya a ɗaki. Maganar kuwa ita ce ta rabon da ake yi wa yara gida biyu da zarar sun shiga aji huɗu na sakandare, watau SS1, a ce waɗannan 'yan kimiyya ne, waɗancan kuma 'yan adabi, ko kuwa kamar yadda su yaran ke faɗa, 'yan sayans da 'yan at. In an ce adabi a nan, ana nufin ɓangaren harsuna da tarihi da addini da makamantansu.

Daga ranar da aka yi wannan rabo sai ki ga kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. 'Yar sayans ta ɗauka ta yi sallama da Hausa da Tarihi ke nan, har tana ganin ɓata lokaci ne ta zauna ta karanta littafin labari. 'Yar at kuwa ta yi hamdala ta rabu da ƙaya, in malamin lissafi ya shigo sai ta koma bencin baya. Mu iyaye ma mukan taya su, mu riƙa kirari ga wadda ta shiga sayans, ɗayar kuwa mu ce ai ita ba ta da kai. To, in yarinya lauya za ta zama ko injiniya, wataƙila wannan rabo ba zai cuce ta ƙwarai ba. Amma wadda za ta tsaya gaban allo ta riƙe alli, ita kam tilas ta riƙe ɓangarorin nan biyu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ASALIN ABIN A ƘASARMU

Lokacin da ƙasar Jigawa ke cikin tsohuwar Jihar Kano, an yi fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha. Saboda haka a 1977 gwamnati ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla guda biyu, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, dukansu na maza. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, daga baya kuma aka ƙara ta Jahun. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, sai waɗannan biyu na 'yan mata suka faɗo cikin rabonmu. Babu mai musun alherin da suka jawo. Mata da yawa da ke aiki yau a asibitocinmu da ma'aikatunmu ta can suka biyo.

Sai dai wata fahimta ta biyo bayan wannan alheri, wadda ba ita aka nufa ba. Mutane suka ɗauka yarinya mai ƙoƙari sayans take yi, mai sayans kuwa likita take zama, ba wani abu ba. Alhali kujerun karatun likita a jami'a ƙalilan ne, masu nema kuwa dubbai. Wadda ba ta samu ba sai a tura ta karatun malanta, ta tafi tana ƙunci kamar wadda aka yi wa auren dole. Irin wannan malama, yaya za ta sa wa 'ya'yanmu son karatu? Abin da muke so shi ne yarinya ta zaɓi malanta da idonta biyu tun tana sakandare, ta yi mata guzurin da ya dace.

ABIN DA KE CIKIN DIGIRIN

Ki sani, 'yar'uwa, digirin malanta iri uku ne aka fi sani a jami'o'in Nijeriya. Akwai B.Sc. Ed, na mai koyar da darasi irin su Bayoloji, Kemistiri, Fiziks ko Lissafi. Akwai B.A. Ed, na mai koyar da Hausa, Turanci, Larabci, Tarihi ko Addinin Musulunci. Sa'an nan akwai B.Ed, wanda a cikinsa ake samun fannoni kamar ilmin koyarwa a firamare da na renon ƙananan yara. Wadda ta shiga ta jarrabawar JAMB shekara huɗu za ta yi. Wadda ta zo da takardar NCE mai kyau kuwa, aji biyu ake sa ta kai tsaye, ta yi shekara uku.

Ko wanne kika ɗauka, karatun kashi biyu ne: darasin da za ki koyar, da kuma ilmin koyarwar kansa. A wannan kashi na biyu ne katangar da aka gina a SS1 take rushewa, ko kina so ko ba kya so. 'Yar Kemistiri za ta zauna ta karanta tarihin ilmi, da falsafarsa, da halayyar yara, da yadda al'umma ke shafar makaranta, ta kuma amsa tambayoyinsu da dogon rubutu, shafi bayan shafi. 'Yar Hausa ita ma ba ta tsira ba, domin akwai darasin auna fahimtar ɗalibai da na ƙididdiga, inda za ta fitar da matsakaicin maki da kashi cikin ɗari. A shekarar ƙarshe kowace sai ta yi bincike ta rubuta kundi, wanda ke bukatar alƙaluma da iya tsara magana gaba ɗaya. Bugu da ƙari akwai darussan bai-ɗaya da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa kowa, kamar sarrafa Turanci, da sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, da falsafa da manɗiƙi. Daga nan sai koyarwar gwaji, a tura ki wata makaranta makonni da dama, malaminki ya zo ya zauna a bayan aji yana ba ki maki.

Kin ga ashe wadda ta yar da rabin kayanta tun a sakandare, a jami'a za ta koma tana tsintarsu cikin wahala.

ME YA HAƊA MALAMAR ADABI DA KIMIYYA?

Mu ɗauki malamar Addini ta zo babin gado. Mutum ya rasu, an biya bashi, an fid da wasiyya, ya rage naira 240,000. Ya bar mace ɗaya, da ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, ba uwa ba uba. Matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, naira 30,000. Ragowar 210,000 a kasa uku, namiji ya ɗauki biyu, 140,000, mace ta ɗauki ɗaya, 70,000. In matan biyu ne, tumunin nan za su raba, kowace 15,000. Malamar da ke gudun lissafi, ina za ta sa kanta a nan? Haka babin zakka yake: ɗaya cikin arba'in a dukiya, ɗaya cikin goma a amfanin gonar damina, ɗaya cikin ashirin a wanda aka yi wa ban ruwa da wahala. A ƙasar da ake noman rani kamar tamu, wannan ba ƙaramin sani ba ne, kuma mata da yawa sun yi asarar haƙƙinsu don ba su iya lissafa shi ba.

Malamar Tarihi kuwa yaro zai tambaye ta, me ya sa azumi yakan faɗo wani lokaci a bazara, wani lokaci a hunturu? Amsar tana cikin ilmin sararin sama. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365, saboda haka ko wace shekara azumi yana matsowa da kamar kwana 11, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya kewayo inda ya faro.

Ita ma malamar Hausa, ran da za ta koyar da furuci, sai ta yi bayanin huhu da maƙwallato da ganɗa da hanƙa, da yadda iska ke bi kafin a sami bambancin b da ɓ, ko k da ƙ. Wannan ai rabin Bayoloji ne. Ran da za ta koyar da karin rubutacciyar waƙa kuma, ƙirga gaɓoɓi za ta yi, dogaye da gajeru, layi bayan layi.

ME YA HAƊA MALAMAR KIMIYYA DA HARSHE?

Wannan ma ya fi wancan nauyi. Yarinyar da ta fito daga Kiyawa ko Miga ko Buji da Hausa ko Fulatanci ta tashi, littafin kimiyya kuwa da Turanci aka rubuta shi. Sau da yawa yaro yakan faɗi lissafi ba don bai iya haɗawa da ɗebewa ba, sai don bai gane abin da tambayar ke nema ba. Malamar da ba ta da harshe sai ta kwafe littafi a allo, yara su kwafe a takarda, su haddace, su zubar ranar jarrabawa, a tashi ba wanda ya ƙaru.

Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuwa aka bar shi darasi mai zaman kansa. Da aka auna, yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. Manufar gwamnati a kan wannan batu ta sha canzawa. A 2022 an ce a koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka soke, aka ce a koma Turanci. Amma ko wace manufa ce ke ci, malamar da ta ƙware a Turanci ta kuma ƙware a Hausa ita ce za ta iya ɗauko abin da ke cikin littafi ta sa shi a kan yaro.

Irin wannan malama ba ta jiran sai an gina mata ɗakin gwaje-gwaje, domin madafarmu cike take da kimiyya. Ta jiƙa zoɓo ta zuba a kofi uku. Na farko ta bar shi yadda yake. Na biyu ta matsa lemon tsami, ja ya ƙara haske. Na uku ta zuba ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, ya doshi kore. Shi ke nan ta nuna wa yara abin da littafi ke kira asid, da kishiyarsa bes, kuma ba za su manta ba har abada. Haka za ta yi musu bayanin ƙananan halittun da ke mai da madara kindirmo, su mai da kalwa daddawa, da dalilin da ya sa ruwan tsami ke kama madarar waken suya ta zama awara, da yadda toka da mai ke haɗuwa su zama sabulu. Sanin sinadaran daga kimiyya yake, amma iya ɗauko misalin daga cikin gida, da iya ba da shi kamar labari, wannan aikin mai sanin harshe da al'ada ne.

DARASI A KAN DUTSE

In kina son ki ga inda ilmi ya ƙi rabuwa, ki dubi duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda masana suka fara nazarinsu a shekarun 1950, yanzu kuma suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ke karewa. Mafi yawansu hotunan shanu ne, shanun kuwa marasa tozo, ba irin waɗanda muke gani a rugage yau ba. A nan kusa kuma akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amo kamar ƙararrawa.

A ce malama ta kai 'yan ajinta wurin. Su wane ne suka yi zanen, kuma yaya suka rayu? Tarihi ke nan. Da me suka haɗa launin da ya daɗe haka bai goge ba? Kemistiri. Ina shanu marasa tozo suka tafi, masu tozo kuma daga ina suka zo? Bayoloji da labarin ƙasa. Me ya sa wannan dutse ke amo, na kusa da shi ba ya yi? Fiziks. In an koma aji kowa ya rubuta abin da ya gani, darasin insha'i ya samu. Yaro ba ya tsayawa ya duba ko tambayarsa ta sayans ce ko ta at, jefo ta kawai yake yi. Haka abin yake in an hau Garu a Dutse ana kallon manyan duwatsun nan da suka hau kan juna, ko an je gonar binciken dabino da ke Dutse an ga yadda ake ɗaukar garin furen namijin dabino a sa wa macen da hannu. Haka kuma in yara suka tambayi dalilin ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a garuruwan da ke bin kogin Haɗeja kamar Ringim da Miga.

Magabatanmu ma ba su san wannan rabo ba. Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin addini ne, amma abin da duniya ta fi tunawa da shi shi ne littafin da ya rubuta a 1732 kan jera lambobi cikin gidaje, ta yadda ko ta ina aka haɗa su jimla ɗaya za a samu. Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗu da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da Hausa. A zamaninmu ga Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero. Digirin malanta ya yi a fannin Bayoloji a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, ya zama farfesan koyar da kimiyya a 1997, sa'an nan a 2012 ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu, saboda nazarinsa kan littattafai da finafinai da waƙoƙin Hausa. A ƙasar Jamus kuwa, mai son koyarwa a sakandare darasi biyu yake karantawa a jami'a, kuma ba abin mamaki ba ne a ga malami ɗaya yana koyar da Lissafi da Jamusanci.

TAURA BIYU TANA TAUNUWA?

Na san wata za ta ce ai taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, in aka cusa su baki lokaci guda. Kuma kada in ruɗe ki: a yawancin jami'o'inmu ba za a ba ki Kemistiri da Hausa kafaɗa da kafaɗa a digiri ɗaya ba. Ko wane kwas yana da darussan da JAMB ta gindaya masa, lokutan lacca na tsangayoyi biyu sukan ci karo, masu ɗaukar malaman sakandare kuma darasin da ke rubuce a takardarki suke dubawa. In kina da burin digiri na biyu ma, sai an ga kin yi zurfi a fanni ɗaya. Saboda haka ki riƙe darasi ɗaya ya zama uwar ɗakinki, ki san shi ciki da bai, ɗaya ɓangaren kuma ya zama mai taya ki aiki. Ga hanyoyin da ake bi.

Ta farko, darussan da ke tsakiya. Labarin Ƙasa ƙafarsa ɗaya tana cikin kimiyya, da duwatsu da ruwa da yanayi, ɗayar tana cikin zaman jama'a. Ilmin Tattalin Arziki yana tafe da lissafi. Ilmin Kula da Gida ya haɗa sinadaran abinci da lafiyar yara da ɗinki da tsimi. Wadda zuciyarta ta rabu biyu, a nan za ta sami sukuni.

Ta biyu, digirin koyarwa a firamare. Malamar firamare sau da yawa ita ce mai lissafi, ita ce mai kimiyya, ita ce mai karatu da rubutu, don haka horonta ya taɓo ko'ina. Kada ki raina shi. Ginin da ba shi da tushe ba ya tsayawa, firamare kuwa ita ce tushen.

Ta uku, a bi ta NCE. A nan ɗaliba darasi biyu takan haɗa, kuma a cikin haɗin da aka amince da shi a kwalejojin ƙasar nan akwai irin su Lissafi da Labarin Ƙasa, Bayoloji da Labarin Ƙasa, da Lissafi da Tattalin Arziki. Shekara uku ce, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a koyar da ita tun bayan da aka daina amfani da tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu. Muna da Kwalejin Ilmi ta Gumel, wadda aka kafa a 1980 da sunan Babbar Kwalejin Horon Malamai, da kuma Kwalejin Ilmi da Shari'a ta Ringim. In kin gama kina iya kama aiki, daga baya ki ɗora digiri.

Ta huɗu, wadda ta riga ta yi digiri a kimiyya zalla ko adabi zalla, sai ta ƙara difilomar koyarwa da ake kira PGDE, wadda takan ɗauki kamar shekara guda. Ko ta wace hanya kika biyo, a ƙarshe sai kin yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa.

Wajen karatu kuwa, yau ba sai an yi doguwar tafiya ba. Iyayenmu sai sun je Kano ko Zariya. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da aka kafa a 2013, dukansu suna da tsangayar ilmi. Ki tuna kuma mace ce ta shugabanci jami'ar Dutse daga 2016 zuwa 2021, Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar ilmin tsirrai.

GARE KI 'YAR MAKARANTA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A jarrabawar WAEC da NECO darasi takwas ko tara ake ɗauka, kuma bayan waɗanda suke dole akwai sauran gurbi. In ke 'yar sayans ce, ki cike gurbin da Hausa ko Labarin Ƙasa ko Addini, kuma ki karanta su da gaske, kada ki mai da su 'yan rakiya. In 'yar at ce ke, ki riƙe Bayoloji in makarantarku na ba da dama, lissafi kuma kada ki sake shi. A Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karatun adabi, amma yana nan dole ga masu kimiyya da fasaha da ilmin zaman jama'a, kuma kowa zai ci gaba da rubuta shi. Wannan sassauci ne ga mai neman shiga, bai ɗauke miki ƙididdigar da ke jiranki a aji uku na jami'a ba.

A JAMB darasi huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun kuwa kwas ɗin da kika zaɓa ne ke faɗarsu. Yara da yawa sun ci maki mai kyau amma sun rasa gurbi don kawai sun haɗa darussan da ba su dace ba. Kada ki bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa miki. Ki duba littafin ƙa'idojin JAMB na shekarar da za ki rubuta, ki kai wa malamin da ke ba ku shawara, domin matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan ki saba wa kanki da abu biyu: karanta littafi ɗaya ko wane wata wanda ba na jarrabawa ba, da yin lissafi biyar ko wace rana.

GARE KI UWARGIDA

An ce gemu ba ya hana ilmi. To, goyo ma ba ya hanawa. Amma ki shiga da shiri. Ki zauna da maigida ku yi magana ta fahimta tun kafin a sayi fom, ku san wa zai riƙe yara, wa zai ɗora tukunya ran da kika yi yamma. Ki sani darussan kimiyya suna da aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda kan ci sa'o'i kuma ba a yinsa daga gida. Na adabi kuwa karatu ne mai yawa, wanda za ki iya yi bayan yara sun yi barci. Lokacin koyarwar gwaji kullum sai kin fita da sassafe, saboda haka ki nemi a tura ki makarantar da ke kusa da gida.

In zaman jami'a ba zai yiwu ba, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda ke da cibiya a Dutse, inda mafi yawan karatun a gida ake yinsa. Akwai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedkwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don horar da malamai daga nesa. Batun kuɗi, ban da adashi da 'yar sana'ar hannu, tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ga masu karatu a makarantun gwamnati, rancen kuwa ba ruwa a kansa.

Kada ki ɗauka shekarun da kika yi a ɗaki asara ce. Macen da ta yi reno ta san halin yaro fiye da yadda littafi zai gaya mata. Wadda ta auna tsaba, ta raba cefane ya kai ƙarshen wata, ta lallashi mai kuka da tatsuniya, ta daɗe tana haɗa lissafi da adabi ba ta sani ba.

ABIN DA KE KAN MIZANI

A makarantar ƙauye mai malamai huɗu ko biyar, hedimasta ba ya tambayar me kika karanta kafin ya miƙa miki ajin da ba shi da malami. In kin iya, yara sun tsira. In ba ki iya ba, shekara guda ta tafi a banza, kuma cikin yaran nan akwai 'yan matan da wannan ce damarsu ta ƙarshe kafin a ɗaura musu aure. Iyaye da yawa a karkara sun fi sakin jiki su bar 'ya mace a makaranta in sun ga mace ce ke koyar da ita. Ita kuma yarinyar, in ta ga malama mace tana warware lissafi a allo, sa'an nan ta juyo ta yi bayani da Hausa mai daɗi, daga ranar ta daina yarda cewa lissafi na maza ne.

Saboda haka, ya ku iyaye, mu daina auna 'ya'yanmu da sunan ajin da suka shiga. Wadda ta ce malanta take so, mu sa mata albarka, mu saya mata littafin lissafi da na Hausa tare. Ku kuma 'yan mata, ku riƙe hannuwanku biyu, jinkar da ke jiranku mai nauyi ce.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.